Jar Motar Kawu Mai Kujera Ɗaya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, a inuwar dogon yaron da ke ƙofar gidansa a Gwange, cikin Maiduguri, bayan ya shanye shayinsa ya kuma yi ƙorafin cewa sukari bai ji ba. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Na je zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutum zai zo da fuskar jimami, ya cire takalmi, ya yi ta'aziyya, a shafa fatiha, ya sami wuri ya zauna. Can sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Kai, amma dai jar motar nan." Shi ke nan. Sai ka ga kafaɗu suna rawa, kowa yana cusa baki a hannun riga. Liman ya harare su har sau biyu, a na uku shi da kansa ya tambaya ko zagaye nawa aka yi ranar. A cikin gida ma haka aka yi. 'Yan'uwan Inna, matar Kawu, sun zo daga Gamboru cikin lafayoyinsu, suna ta gaisuwarsu ta "wushe, wushe" suna share hawaye, kafin la'asar Inna da kanta take ba su labarin turminta tana kuka tana dariya.

Baba Akawu, tsohon maƙwabcinmu, ya zo daga Mairi yana dogara sanda, sanye da baƙin kwat ɗinsa na zuwa coci. Mutumin wajen Biu ne, Kirista, kuma shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsa da Kawu. Ya zauna a tsakiyar malamai, in an ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Shi kam bai ɓoye kukansa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata jikar Kawu da ta ja ni gefe ta ce, "Goggo, wai da gaske ne, ko tatsuniya ce?" Ban ga laifinta ba. Motar ba ta nan, tuntuni aka cire injinta aka haɗa wa wani mai lambu famfon ban ruwa. Hoto ma babu, don mai hoton da aka yi alkawari da shi bai zo ba. Saura mu da muka gani da idonmu, kuma muna ta ƙarewa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Kawu ya ɗauko ni ya riƙe, shi ya aurar da ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga shi har yayansa, wanda muke kira Kawu Babba, ba wanda ya taɓa kama sunana. Uwata suke cewa. Tun ina tallar dariya da giɓin haƙori, ƙaton mutum mai gemu zai durƙusa ya ce, "Uwata, yau ɗanki bai ci komai ba." Ni kuwa na riƙe sarautar nan da hannu biyu, har na tsufa ban sake ta ba.

Su biyun daga Kano suka zo suna samari. Kawu Babba ya kama sayar da yadi a kasuwar Gamboru, ya zama mutum mai lissafin magana, wanda ko dariya zai yi sai ya duba gabas da yamma. Kawu shi ƙarfe ya kama. Walda da gyaran jikin mota ne aikinsa, motar da ta yi karo ta lanƙwashe, in ta kwana uku a hannunsa mai ita ba zai nuna inda aka buga ba. In an kawo masa inji mai ciwo ba ya tambayar direba komai. Sai ya ce, "Bari mu ji ta bakin ƙarfen." Ya ɗora tsinin sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Haka yake yi mana mu ma in mun kawo ƙara, sai dai mu ba ya sa mana sukundireba.

Da ya dawo daga Makka ya bar wa 'ya'yansa garejin, ya zama Alhaji sosai. Daga ranar bai ƙara ƙetare zaure ba sai da babbar riga da hula, ko da ashana zai saya a shagon kusa. Amma a bayan gidan akwai tsohon filin da ya fara aiki, mai faɗin ƙofa ta baya. A nan yake tuɓewa ya rage daga shi sai singileti da tsohon wando. Ban da mutanen gida da Baba Akawu, ba wanda ke ganinsa a haka.

Baba Akawu ne ya jawo mana abin. Wajen ƙarshen shekarun saba'in ya kawo wa Kawu kalanda daga ofis, a ɗaya daga cikin shafukan akwai hoton wata tsohuwar motar tsere ta Turawa. Ja ce, doguwa, siririya kamar kwalekwale, tayoyinta duk a waje, ba rufi, ba ƙofa, kujera ɗaya tal, ba abin da ake gani na direban sai kansa cikin hular kwano. Kawu ya daɗe yana kallonta. Watan ya wuce, aka shiga wani, bai yarda an juya shafin ba. Shekarar nan gidanmu a wata ɗaya muka ƙare ta.

Ba shi da ma'auni, ba shi da zane, hoto ɗaya ne, shi ma ta gefe. Ga yadda ya yi. Ya karyo tsinken tsintsiya daidai faɗin kan Baturen, ya bi jikin motar da shi yana ƙirga kai nawa ne tsawonta, kai nawa ne tsayin taya, kai nawa ne tsakanin taya da taya. Sannan ya kifa kwanon tuwon Inna a kansa a madadin hular kwano, ya ce, "Uwata, zo ki auna kan ɗanki." Na auna da igiya ina dariya har cikina ya yi ciwo. Da wannan igiyar aka gina motar gaba ɗaya. Baba Akawu ya tambaye shi, "Alhaji, bayanta fa? Ba mu ga bayanta ba." Kawu ya ce, "Abin da ban gani ba nawa ne, yadda na so zan yi shi."

Injin na wata tsohuwar mota ne, irin ƙananan nan masu bayan kunkuru, wanda ba ya shan ruwa, iska ke sanyaya shi. Ƙashin motar bututun ƙarfe ne, jikinta kuma falankin alminiyam da ya ɓaro daga wata matacciyar bas. Wurin lanƙwasa falankin ne ya rasa abin da zai ba shi zurfin da yake so, sai idonsa ya faɗa kan babban turmin Inna, wanda ta zo da shi tun na aurenta. Ta dawo daga unguwa ta tarar da shi ya ɗora ƙarfe a bakin turmin yana ta dukansa da guduma.

"Wai! Alhaji, turmina?"

"Aro na yi. Hancin motar kawai zan fitar."

"To yau hancin motar za ka ci."

Kwana uku ba a yi burabisko a gidan ba. A na huɗu ya shigo da sabon turmi a bayan a-kori-kura, ya fi tsohon girma. Inna ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa, ta ce bai kai nata ba. Amma daga ranar, in ya shagala da aiki, ita ke kai masa ruwan sanyi har wurin motar, ta tsaya tana ba shi shawarar da bai nema ba.

Duk wanda ya tambaye shi yaushe za a gama, amsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Shekara shida yana faɗin haka. Wani jinkirin ma shi ya jawo. Akwai wata mai sayar da banda a bakin hanya, gurguwa, da take jan jiki daga gida zuwa wurin tallarta. Wata rana Kawu ya tsaya ya kalle ta, ya dawo gida ya yanke bututun da ya tanada don gaban motar, ya haɗa mata keke mai taya uku da ake murzawa da hannu. Sai da ya yi wata huɗu kafin ya sami irin bututun. Bai taɓa ambaton zancen ba, amma duk Juma'a sai mun ga ƙunshin kifi a zaure.

Wanda abin bai taɓa yi wa daɗi ba shi ne Kawu Babba. Ya yi ta haƙuri har ranar da ya shigo bayan gidan ba sallama mai tsawo, ya tarar da ƙanensa a kwance ƙarƙashin motar. Ina nan, na kawo wa Inna yini.

"Jiya a kasuwa wani ya tambaye ni, wai ni ne yayan Alhaji Tsere," in ji shi.

Kawu ya fito yana goge hannu. "Yaya, ai wasa suke yi."

"Na san wasa suke yi. Da kai suke yin wasan. Ka je Makka, gemunka ya yi fari, kana da surukai uku. Abin da ya rage maka shi ne ka shiga gwangwani kana zaga fili ana yi maka tafi?"

"Ban ci na kowa ba, Yaya. Ban saɓa wa Allah ba."

"Ban ce ka yi haramun ba. Cewa na yi girma ya kama ka." Ya juyo gare ni. "Uwata, ki yi wa ɗanki faɗa."

Ni kuwa ban san wanne daga cikin 'ya'yan nawa zan bi ba. Kawu Babba ya fita. Shekara biyu bai ƙara wuce zauren gidan ba. Ranar Salla Kawu zai je ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, shi ke nan. Abin yana cin Kawu ƙwarai, don tun suna marayu a Kano bai taɓa yin wani abu ba tare da yardar yayansa ba. Ya kasa barin motar, ya kuma kasa daina jin ciwon.

Da aka gama, aka fesa mata jan fenti, aka zana farin da'ira a gefe kamar yadda yake a hoton. Sai maganar gwaji. An zaɓi Asabar, don Juma'a ta Kawu ce, Lahadi ta Baba Akawu. Wurin kuwa wani shimfiɗaɗɗen fili ne mai tauri a bayan Mairi, ta hanyar Bama, inda masu koyon tuƙi suke zuwa. Su biyun sun yi mako suna tsince duwatsu da ƙaya, suka jera tsofaffin tayoyi a wuraren shan kwana. Layin hanyar da toka aka ja shi. Ashe Inna ta yi watanni tana tara tokar murhunta a buhu ba ta gaya wa kowa ba.

Ana jibi Kawu ya kira ni. "Uwata, ki je ki ce da yayana uwarsa ce ta ce ya zo." Na je Gamboru na same shi a shago, na faɗa masa haka nan, ban rage ko kalma ba. Ya daɗe yana ninke yadi. Sannan ya ce, "Zan zo, don kada a ba ni labari."

Ranar Asabar da safe rabin Gwange ta koma filin. An kawo motar a bayan babbar mota, mu mata muka zo a a-kori-kura muka tsaya gefe guda. Surukan Kawu uku, har da maigidana, su aka ba aikin tura motar ta tashi, don ba ta da abin tayarwa sai an tura. Mutanen nan kuwa ko ido ba sa haɗawa da Kawu, daga nesa suke cire takalmi su durƙusa. Kawu Babba ya zo a makare, aka shimfiɗa masa darduma a ƙarƙashin wata bishiya, ya zauna yana jan carbi.

Sai ga Kawu cikin sabuwar farar shadda mai aikin aska, an ba ta sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai, ga hula zanna a kansa. Ya yi kyau, wallahi. Ya ɗaga wa jama'a hannu, ya yi bismilla, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar, ya tattare rigar a kafaɗa, ya sauka. Iya ƙugu ya tsaya. Rigar ta cika ramin kujerar ta tumbatso, hannuwanta suka zubo suka kwanta a kan tayoyin baya. Ya mutsa, ya danna, ya riƙe numfashi, ko motsi. Shekara shida yana auna komai da tsinke da igiya, a cikin singileti, bai taɓa tuna cewa ranar gwaji a waje za a yi ta ba.

Baba Akawu ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, ko da ka shiga, tayar nan za ta naɗe hannun rigar ta fizge ka. Ni ba zan tsaya a yi wannan a gabana ba."

Dariya ta fara tashi daga can baya. Wani ya ce a ba wani siririn direba ya ja ta mana. Kawu ya fito da ƙyar, ya tsaya ya dafa motar. Ya dubi jama'ar unguwa, ya dubi surukansa, ya dubi bishiyar da yayansa yake. Dattijo mai surukai ba ya tuɓe riga da hula a bainar jama'a, wannan kowa a wurin ya sani, kuma shi ne ainihin abin da Kawu Babba ya yi gargaɗi a kai. Na ga Kawu yana shafa jan fentin da hannunsa. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in tsuguna in yi kuka.

"To," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A nemo wanda zai ja ta."

Sai Kawu Babba ya miƙe. Ya sa carbinsa a aljihu, ya tako a hankali har gaban ƙanensa. Kowa a filin yana jiran ya ji "ai na faɗa maka."

"Shekara nawa ka yi kana bugun abin nan?"

"Shida, Yaya."

"Shekara shida ka hana unguwa barcin rana, sannan ka ba ɗan wani ya hau?" Ya miƙa hannuwansa biyu. "Kawo rigar. Kawo hular. In girman ne, ga ni zan riƙe maka, ba zai taɓa ƙasa ba."

Kawu ya tsaya yana kallonsa kamar bai gane Hausa ba. Sannan ya cire hular. Sanƙo ya bayyana yana ƙyalli a rana, sanƙon da mutanen Gwange da yawa ba su san da shi ba. Yana kama wuyan rigar, surukan nan uku suka juya baya a lokaci ɗaya, ba wanda ya ce da su ko ƙala. Kawu ya rage daga shi sai singileti da wando, Baba Akawu ya kifa masa hular kwanon babur ɗinsa, ya zame cikin motar sumul, ta zauna masa daidai.

Saura turi. Masu turin kuwa sun ba da baya, kuma babu mai niyyar juyowa ya ga surukinsa a tuɓe. Suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu, sai muka ga sun ja da baya da baya har suka jingina da ƙarfen da Kawu ya walda a bayan motar don turi. Suka kafa dugadugai a ƙasa suka rinƙa tura ta da gadon baya, idanunsu na kallon Maiduguri. Motar ta gangara, ta yi tari sau biyu, ta ɗauka da wata irin ƙara da na ji har cikin haƙorina. Ta fice daga bayansu, su ukun suka zube a ƙasa zaune. A nan suka ci gaba da zama, ba wanda ya waiwaya.

Zagayen farko a hankali ya yi shi, ya karkatar da kai, na san sauraron injin yake yi. A na biyu ya ƙara giya. A na uku ya sake ta. Jar aba ta miƙe a kan layin toka, kan Kawu kaɗai ake gani, yana shan kwana tayoyin suna kuka. Inna ta rangaɗa guɗa, matan Gamboru suka amsa. Baba Akawu da aka ba aikin duba agogo ya manta da agogon, yana ta tsalle da takardarsa a hannu. Maigidana daga inda yake zaune yana ta kirana ba tare da ya juyo ba, "Yana ina yanzu? Ya wuce bishiyar?" Ni kuma ina ba shi labari da ƙarfi kamar mai rediyo.

A zagaye na huɗu, a kwanar nesa, bayan motar ya zame. Ta juya sau ɗaya, ta bugi tayoyin da aka jera, ta tsaya tana kallon inda ta fito. Sai muka ga hannu ya ɗago daga ciki yana kaɗawa, injin bai ma mutu ba. Ya karkato ta ya hau layi. A lokacin ne na ji wata murya ta fi ta kowa, na waiga. Kawu Babba ne, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya rungume farar riga a ƙirji, ya fito har bakin layin toka yana ihu, "Taka ta! Taka ta, ɗan'uwana!"

Da ya gama na biyar ya zo ya tsaya a gabanmu. Ya cire hular kwanon, gumi na zuba, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Aka taimaka masa ya fito. Abu na farko da ya nema rigarsa ce. Ya je gaban yayansa ya rusuna, ya ɗaga hannuwa don a zura masa, kamar yaron da za a shirya wa Salla.

Kawu Babba ya janye rigar ya mayar da ita ƙarƙashin hammata.

"Dakata," ya ce. "Lokacin da ka sha kwanar can wani ya tare mini, ban gani da kyau ba. Koma ka ƙara ɗaya."

Duk tsawon zamana da Kawu, ban taɓa ganin ya bi umarnin yayansa da sauri kamar na ranar ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Ya faranta wa mutane da yawa, bai cuci kowa ba a saninmu. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayensa da ɗan'uwansa da ya riga shi tafiya a Aljanna. Amin.